Kimiyyar Bayanan Lafiya: Aikin da Aka Raina a Bakin Ƙofar Asibiti

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibiti ya san cewa kafin ya ga likita sai ya tsaya gaban wata 'yar taga, ko wani tebur da aka girke a bakin ƙofa, inda za a tambaye shi sunan majinyaci da shekarunsa da garinsu, a rubuta a wani ƙaton littafi, sannan a miƙo masa kati. Mutane kan kira wanda ke zaune a wurin da sunan mai yankan kati, kuma galibi ana ɗaukarsa a matsayin wani shinge ne kawai da ya zama dole a tsallake kafin a kai ga magani. Idan aka shiga aji shida na wata makarantar sakandare a Jega ko Aliero ko Maiyama aka tambayi ɗaliban kimiyya abin da suke burin zama, za a ji likita, a ji injiniya, a ji mai haɗa magunguna, amma da wuya a sami wanda zai ɗaga hannu ya ce shi ma'aikacin bayanan lafiya yake son zama. Wannan raini kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. A ƙasar da sanƙarau ke zagayowa kusan duk bazara, abin da aka rubuta a wancan littafi shi ne kan sa allurar rigakafi ta iso kan lokaci, ko kuwa ta iso bayan an tashi daga zaman makoki.

Mene ne wannan fanni?

Kimiyyar bayanan lafiya ita ce ilmin da ke koyar da yadda ake tattara labarin rashin lafiya da na magani, a tsara shi, a adana shi, a ƙididdige shi, sannan a mayar da shi ga masu yanke shawara ta yadda za su yi aiki da shi. Fanni ne da ya tsaya kan duwatsun murhu uku: sanin jikin ɗan'adam da cututtukansa, sanin lissafi da ƙididdiga, da kuma sanin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Mutane da yawa kan ɗauka cewa dutse na uku shi ne fannin gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Fannin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1854, lokacin da kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan a Ingila, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi mutuwa, ya ɗora adadin a kan taswirar unguwar, sai ya ga mace-macen sun kewaye wani famfon ruwa guda. A lokacin ba a ma tabbatar da ƙwayar da ke kawo cutar ba, amma takarda da alƙalami sun nuna inda take fitowa. Kwamfuta ta zo ne daga baya ta ƙara wa aikin sauri da faɗi.

A Nijeriya ma fannin ba baƙo ba ne. Tun shekarar 1989 aka yi dokar da ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan adana bayanan asibiti rajista, wato aikin na da lasisinsa kamar yadda aikin jinya da na ungozoma ke da nasu. A wannan shekarar ce kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya fara aikin haɗin gwiwa da Jami'ar Kuopio ta ƙasar Finlan don saka bayanan majinyata a kwamfuta, kuma a Ile-Ife ɗin ne aka yi taron farko na masana wannan fanni na nahiyar Afirka a 1993.

Daga Liba zuwa Abuja

Don mai karatu ya ga yadda abin ke gudana, sai a ɗauki misali da garin Liba na Ƙaramar Hukumar Maiyama a Jihar Kebbi. A ƙaddara cewa a cikin watan Maris, zafi ya tsananta, iska ta bushe, sai aka kawo wani yaro ɗan shekara tara ɗakin shan magani da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare. Ma'aikacin lafiya zai yi abin da ya iya na magani, ko ya tura shi babban asibiti. Wannan aikin jinya ne, kuma ran yaro guda ya rataya a kansa. Amma akwai aiki na biyu wanda ran yaran unguwar duka ya rataya a kansa, wato a rubuta sunan yaron, da shekarunsa, da ainihin ƙauyen da ya fito, da ranar da ciwon ya fara, da alamomin da aka gani, a kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take.

Tsarin da ake bi a nan shi ne wanda ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shi a 1998. A ƙarƙashinsa akwai cututtukan da ake kai rahotonsu nan da nan, akwai na mako-mako, akwai na wata-wata. Baya ga wannan, kowane ɗakin shan magani na da littattafan rajista daban-daban, na masu zuwa a duba su su koma gida, da na awon ciki, da na haihuwa, da na rigakafin yara. A ƙarshen wata sai a tattara jimillar kowane littafi a kan fom guda, a kai hedikwatar ƙaramar hukuma, inda wani jami'i zai shigar da alƙaluman cikin wata manhaja da ake kira DHIS2. Asalin wannan manhaja daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorancin bunƙasa ta, kuma Nijeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Da zarar an shigar da alƙaluman, mai izini a Birnin Kebbi ko Abuja na iya ganinsu a rana guda. Don bin diddigin annoba kuwa akwai wata manhajar ta daban mai suna SORMAS, wadda aka ƙirƙiro bayan ɓullar cutar Ebola a Legas a 2014, da haɗin gwiwar masana na Jamus da na Nijeriya.

Abin lura shi ne, duk wannan doguwar sarƙa, ƙarfinta bai wuce ƙarfin zoben farko ba. In ma'aikacin Liba ya rubuta "zazzaɓi" kawai, ko ya rubuta Maiyama a madadin sunan ƙauyen yaron, ko ya bari sai ƙarshen wata, to babu wata kwamfuta a duniya da za ta gyara wannan ɓarna.

Darasin sanƙarau

Jihar Kebbi na cikin wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga Sanagal har zuwa Habasha, inda sanƙarau ke tashi a lokacin hunturu da bazara ya lafa da faɗuwar damina. A 1996 Arewacin Nijeriya ya ga annoba mafi muni a tarihinsa na wannan cuta, inda aka ƙirga mutum sama da 100,000 da suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Bayan wannan masifa ce, a 1997, manyan ƙungiyoyin lafiya na duniya suka kafa wani kwamiti da ke riƙe da ajiyar allurar rigakafi don gaggawa. Allurar ba ta da yawa, ƙasashen da ke nemanta kuwa suna da yawa, saboda haka kwamitin ba ya sakinta don an yi kuka ko an yi roƙo. Hujja yake nema: mutum nawa suka kamu, a wane yanki, a wane mako, cikin jama'a nawa, kuma wane nau'in ƙwayar cuta ɗakin gwaji ya tabbatar.

A nan ne lissafi ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya ma'auni biyu. A yankin da mutanensa ke tsakanin 30,000 da 100,000, idan aka sami masu alamun sanƙarau 3 cikin kowane mutum 100,000 a mako guda, an kai ma'aunin faɗakarwa, wato lokacin bincike da shiri ya yi. Idan suka kai 10 a mako guda, an kai ma'aunin annoba. A wurin da mutanensa ba su kai 30,000 ba kuwa, mutum 2 a mako sun isa faɗakarwa, mutum 5 sun isa a kira abin annoba. Mai karatu ya dubi ƙanƙantar waɗannan lambobi. A ƙaramar gunduma, yaro guda da aka manta ba a rubuta ba na iya zama bambanci tsakanin 4 da 5, wato tsakanin shiru da ƙararrawa. Sannan allurar gaggawa tana yin cikakken amfani ne idan an yi ta cikin makonni kaɗan da tsallake ma'aunin. In aka makara, sai a yi wa jama'a allura bayan cutar ta riga ta ci ta cinye.

Wannan ba tatsuniya ba ce ga mutanen Jega da Aliero. Daga 2011 aka fara yi wa jama'ar Arewa wata sabuwar allura ta nau'in sanƙarau da ake kira A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, kuma allurar ta yi aiki ƙwarai. Sai ga wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2013, ya sake ɓulla a Kebbi a 2014, sannan a 2015 ya kama mutum sama da 6,000 a jihohin biyu, Aliero na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Yadda aka gane cewa sabon abu ne ya zo, ba tsohuwar cutar ce ta dawo ba, shi ne ta haɗa sakamakon gwajin ruwan laka da jerin sunayen majinyata, aikin da Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta taimaka wa ma'aikatan jihohin a kansa. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 wannan nau'i ya yi ɓarna mafi girma, inda aka ƙirga mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 suka rasu, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, har da Kebbi. Cutar ta fara ne tun cikin Disamba, amma sai a watan Fabrairu labarin ya isa ga hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC. Makonnin da suka salwanta a tsakani ba likita aka rasa a cikinsu ba kawai, labari aka rasa.

Ko a watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta bayyana mutuwar mutum 26 da ake zaton sanƙarau ne a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. Shekara guda kafin nan, a 2024, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da wata sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar a lokaci guda. Makami ya samu ke nan. Amma makami ba ya kai kansa fagen fama, sai an gaya masa inda zai nufa.

Alƙaluman ƙarya sun fi rashin alƙaluma haɗari

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ne a rumfar hatsi, amma a harkar lafiyar jama'a ƙimar ido takan yaudari mai ita. Dagacin gari na iya ganin jana'iza ta yi yawa, sai dai ba zai iya faɗin ko ta fi ta bara ba, ko yara ne suka fi mutuwa ko tsofaffi, ko daga wace unguwa abin ya fara. Babu dillalin albasa a Aliero da zai loda mota zuwa Kudu ya ce ido ya ishe shi sanin yawan buhunan da ke ciki. Yana da littafinsa, ya san na wane ne, ya san nawa ya ruɓe a hanya. Abin mamaki ne a ce buhun albasa ya sami wannan gata, yaron mutum bai samu ba.

Sai dai akwai abin da ya fi rashin mudu muni, wato mudun da aka lotsa gindinsa. Shekaru da dama rahotannin da ke fitowa daga ɗakunan shan magani na nuna cewa akasarin yaran ƙasar nan sun sami rigakafinsu, har a wasu wuraren lissafi kan nuna an yi wa yara fiye da 100 cikin 100, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Da aka yi wani babban bincike na gida-gida a 2016 zuwa 2017, aka duba katunan yara aka tambayi iyaye mata, sai aka tarar kashi 33 cikin 100 ne kacal na yaran Nijeriya suka sami zagaye na uku na allurar nan mai kare cututtuka biyar, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 3. Wannan ne ya sa hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi a 2017.

Ta yaya aka kai ga haka? Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta adadin sama: ma'aikacin da aka ɗora wa sharaɗin cika wani adadi, ana yi masa faɗa idan bai cika ba, ba a kuma zuwa a duba littafinsa, yana iya cika shi da biro. Ta biyu ita ce ta adadin ƙasa, wato yawan jama'ar da ake rabawa da shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba Aliero mutum ƙasa da 70,000, ta ba Maiyama sama da 170,000. Tun daga lokacin ƙiyasi ake yi, ana ƙara wani kaso duk shekara. Garin da jami'a ta zauna a cikinsa, ko kasuwa ta bunƙasa, ko 'yan gudun hijira suka sauka, ƙiyasin ofis ba zai san da su ba. Ɗalibin da ya san rabawa ya san cewa in adadin ƙasa ya karkace, amsa ma ta karkace, komai kyawun adadin sama.

Yaƙi da shan-inna ya nuna yadda ake gyara irin wannan. Daga wajejen 2012 aka fara zana taswirar ƙauyukan Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ayarin masu ɗiga maganin wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin kowane jerin sunaye, aka kuma gano unguwannin da takarda ta ce an shiga alhali ba a shiga ba. Wata ƙungiya mai suna eHealth Africa da ke da babban ofishi a Kano na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. An ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Waɗanda suka zana taswirorin nan suka kuma tace alƙaluman ba su taɓa riƙe sirinji ba, amma suna da rabonsu a wannan nasara.

Hanyar karatu da wurin aiki

Ɗalibin Liba da ke sha'awar wannan fanni ba sai ya yi nisa ba. Ƙofa ta farko ita ce ta kwalejojin kimiyya da fasahar lafiya, irin wadda Jihar Kebbi ke da ita a Jega, da kuma makarantun sarrafa bayanan lafiya da ke ƙarƙashin asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya, inda ake yin difloma, wasu har da babbar difloma. A can ana koyon sassan jiki da aikinsu, da kalmomin likitanci, da ƙididdiga, da tsarin adana fayil, da kuma fassara sunan cuta zuwa lamba. Wannan na ƙarshe na buƙatar ɗan bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya na da wani babban kundi da ya ba kowace cuta lambarta, don abin da likitan Birnin Kebbi ya rubuta ya zama daidai da na likitan Maraɗi ko Alƙahira. Bugu na 11 na kundin ya fara aiki a watan Janairun 2022. Wanda ya iya wannan aiki dole ya iya karanta rubutun likita ya fahimci ma'anarsa, ba kwafewa kawai ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta jami'a. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006, kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Wanda ya karanta ilmin kwamfuta ko lissafi ko ƙididdiga na iya karkata zuwa harkar lafiya, ya zama mai gina manhaja ko mai nazarin alƙaluma. Ƙofa ta uku kuwa ta waɗanda suka riga suka zama likitoci ko ma'aikatan jinya ko na ɗakin gwaji ce, su ƙara wannan ilmi a kan nasu. Kowace ƙofa aka bi, jarin shiga ɗaya ne: kyakkyawan sakamako a Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Ɗalibin da ya guje wa lissafi yana zaton a nan zai huta, to ya sake shawara.

Wuraren aiki sun haɗa da asibitoci manya da ƙanana, da sassan lafiya na ƙananan hukumomi, da ma'aikatun lafiya, da hukumomin inshorar lafiya, waɗanda ba za su iya biyan asibiti ko kwabo ba sai da rubutacciyar shaidar abin da aka yi wa majinyaci, da cibiyoyin bincike, da ƙungiyoyin agaji. Aiki ne kuma da ya dace da 'yan mata ƙwarai, domin rabin littattafan ɗakin shan magani na awon ciki ne da haihuwa da rigakafin jarirai, kuma akwai tambayar da mace ba za ta amsa wa namiji da gaskiya ba.

Masu suka na da tasu hujjar

Ba za a yi wa ɗalibi adalci ba in aka ɓoye masa abin da masu suka ke faɗi. Na farko suna cewa albashin wannan aiki bai kai na likita ba, guraben gwamnati kuma ba su da yawa, har wasu da suka gama kan shafe shekaru suna aikin sa-kai. Wannan gaskiya ne, kuma ba ma'aikacin bayanai kaɗai ya shafa ba. Amsar da za a iya bayarwa ita ce, wanda ya tsaya ga yankan kati kawai shi ne ya fi shiga wannan matsi. Wanda ya iya tace alƙaluma, ya zana jadawali, ya rubuta rahoton da shugaba zai karanta ya gane, kasuwarsa ta wuce asibiti guda.

Na biyu suna cewa ina amfanin maganar kwamfuta a ɗakin shan maganin da ba wutar lantarki, ba ruwa, wani lokaci ba ko maganin zazzaɓi? Wannan suka ta fi ta farko nauyi. Lalle kuwa ɓarna ce a sauke kwamfutoci a wurin da ba abin da zai kunna su, su zama matattarar ƙura. Amma sukar ta faɗa kan na'ura ne, ba kan fannin ba. Littafin rajista da aka cika da gaskiya, da wayar salula guda da aka yi wa caji da hasken rana, sun isa su kai labarin sanƙarau daga Liba zuwa Maiyama a cikin minti biyar. Sannan shi kansa rashin maganin, sau da yawa daga rashin lissafi yake tasowa, domin wanda bai san yawan masu zazzaɓin cizon sauro da ya gani a daminar bara ba, ba zai san abin da zai nema a ta bana ba.

Na uku shi ne batun sirri, kuma a ƙaramin gari wannan ba abin wasa ba ne. Mai riƙe da fayil ya san wanda ke shan maganin tarin fuka, ya san wadda ta yi ɓari, ya san mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma da yamma a majalisa guda zai zauna da 'yan'uwansu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta fallasa bayanan majinyaci ba da izini ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan. Amma kafin doka akwai amana. Kalma guda da ta fita daga bakin mai kati ta isa ta hana matan unguwa guda zuwa awo, daga nan kuma littafin ya daina nuna gaskiyar garin. Wanda bakinsa ba ya riƙe magana, wannan ba sana'arsa ba ce, komai ƙwarewarsa a lissafi.

Akwai kuma wani gibi da masu sukar ba su cika ambata ba. Littafin asibiti na ƙirga wanda ya zo asibiti ne kawai. Mutum nawa ne ke tsayawa a kemis, ko wurin mai maganin gargajiya, ko su haihu a gida? Aliero ta yi suna wajen ɗori, ana kawo masu karaya daga nesa, amma wannan tarin sani game da haɗurran hanya da raunukan gona ba ya shiga rumbun kowa. Ga fili a buɗe ga duk matashin da zai iya zama da masu wannan sana'a cikin ladabi, ya samo hanyar da za a ƙirga aikinsu ba tare da an raina su ba.

Babban aibin tsarin kamar yadda yake tafiya a wurare da yawa shi ne, alƙaluma hawa suke yi ba sa saukowa. Ma'aikacin ƙauye na cika fom ne don na sama da shi, bai taɓa ganin abin da aka yi da shi ba, saboda haka yake ɗaukarsa kamar haraji. Ya kamata mutum na farko da zai amfana da alƙaluman Liba ya zama ma'aikacin Liba. Jadawali guda a manne a bango, mai nuna yawan masu zazzaɓi mako-mako, wanda shi da kwamitin lafiya na gunduma da mai gari za su duba tare, ya fi rahoto mai shafi ɗari da ke kwance a Abuja. Ranar da ma'aikaci ya ga layin ya tashi da idonsa, ya kuma ga an yi wani abu a kai, ba zai sake cika littafi da biro ba.

Ga malaman makaranta

Malamin lissafi da na ilmin halittu ba sa buƙatar jiran sabon manhajin karatu, domin kayan aikin na cikin aji. Rajistar kiran suna da ake yi kowace safiya ita ma rumbun bayanai ce. Ana iya sa ɗalibai su ƙirga waɗanda ba su zo ba saboda rashin lafiya a kowane mako na zangon karatu, ba tare da rubuta sunan kowa ba, su raba da yawan 'yan ajin, su zana jadawali a takardar zane, sannan su kwatanta zangon damina da na hunturu. Za su yi gardama a kan wanda ya ce ba shi da lafiya alhali gona ya tafi, da wanda ya bar makarantar amma sunansa na nan, kuma wannan gardama ita ce ainihin darasin, domin ita ce matsalar adadin sama da adadin ƙasa da ta rikita lissafin rigakafi na ƙasa baki ɗaya.

Daga nan sai a ba su wannan tambaya su tafi da ita gida. Wani yanki na da mutum 80,000 a takardar ofis. A mako guda ɗakunan shan magani uku sun kawo rahoton masu alamun sanƙarau 2 da 3 da 2, na huɗu kuwa bai aiko da komai ba. Shin an kai ma'aunin annoba? In na huɗun ya ga mutum guda bai faɗa ba fa? In kuma ainihin mutanen yankin 95,000 ne, me ya sauya?